Ta leƙo ta koma: wasannin Atari 2600 da aka rubuta amma ba a sayar ba

Kaset ɗin gwaji na Atari ba abin kallo ba ne. Baƙar roba ce da ba ta wuce tafin hannu ba, babu hoton jarumi ko na jirgin yaƙi irin wanda ake liƙa wa na kasuwa. Farar takarda ce kawai a jikinsa, an buga sunan wasan da tafireta ko an rubuta da biro, sai kwanan wata, sai gargaɗin cewa aro ne, a mayar da shi ɗakin gwajin kamfani in an gama. Wanda ya ɓare shi zai tarar da cif mai 'yar tagar gilashi a gadon baya, an toshe tagar da sitika. Da yawa daga cikin waɗanda aka ara wa irin wannan kaset ba su mayar ba. Da kuwa sun yi biyayya sun mayar, da wasanni masu yawa da ake bugawa yau sun bi shara tun 1984.

Na'urar da ake magana a kai ita ce Atari 2600, wadda ta fito a Amurka a watan Satumban 1977 da sunan Video Computer System, a kan dala 199. Ita ce ta saba wa gidajen Amurka da sayen na'ura ɗaya a jona da talabijin, sannan a riƙa sayo wasanni daban-daban a kaset ana cusa mata. An sayar da kimanin miliyan 30 kafin a daina ƙera ta a farkon 1992. Ƙarfinta kuwa abin dariya ne a ma'aunin yau. Ƙwaƙwalwar aikinta bayit 128 ce, wato wurin da zai ɗauki haruffa 128 kacal, kuma wasannin farko sai an matse su cikin kilobayit 2 ko 4. A shekarun farko mutum ɗaya ne kan zauna ya tsara wasa, ya rubuta manhajarsa, ya zana hotunansa, ya haɗa sautinsa, ya yi watanni a kai. Shi ya sa kusan duk wasan da aka soke yana da mai shi, mutum guda da za a iya kiran sunansa a ce guminsa ne ya tafi a banza.

Cif iri biyu ne a wannan harka, kuma daga bambancinsu maganar ta samo tushe. Na kaset ɗin kasuwa tun a masana'anta ake dasa masa manhaja, ba ya goguwa, kuma dubbai ake bugawa a lokaci guda, don haka kamfani ba ya ba da oda sai ya ga alamar ciniki. Na gwaji kuwa, wanda ake kira EPROM, a ofis ake rubuta masa manhaja da wata 'yar na'ura. In an ga kuskure sai a ɓare sitikar, a haska tagar da wata fitila ta musamman na ɗan lokaci, ya goge tas, a sake rubutawa. Da shi ake kai wasa gaban manajoji, shi ake ba yara su gwada, shi ake aika wa marubutan mujallu, shi ake nunawa a baje-kolin kayan lantarki na CES da a wancan zamani ake yi sau biyu a shekara, a Las Vegas da Shikago. Wasan da ya mutu kafin a kai shi masana'anta, a kan irin wannan cif kaɗai ya rage, wani lokaci kwafi biyu ko uku a duk duniya, wani lokaci ɗaya tal. Ga shi kuma cif ne mai yoyo. Bayanan da ke cikinsa cajin lantarki ne da aka tsare, yana tsiyayewa a hankali. Masu ƙera shi sukan ba da tabbacin shekara 10 zuwa 20. Akasarin na Atari yanzu sun haura 40.

Akasarin waɗannan wasanni kasuwa ce ta kashe su, kuma a ɗan taƙin lokaci ta yi musu kisan. A 1979 wasu ƙwararrun masu rubuta manhaja huɗu suka fice daga Atari saboda ba a sa sunayensu a jikin wasa, ba a kuma ba su kaso daga ribarsa, suka kafa Activision. Atari ya kai su kotu, aka sasanta a 1982, sasancin kuma ya buɗe wa kowa ƙofa. Kamfanin Quaker Oats mai sayar da hatsin karin kumallo ya mallaki nasa kamfanin wasanni, har masu abincin karnuka na Purina sai da suka sa aka yi musu wasan talla. Shaguna suka cika da tarkace. A Disamban 1982 kamfanin Warner Communications, uwar gijiyar Atari, ya sanar cewa ribar da ake tsammani ba za ta samu ba, hannun jarinsa ya zube da kusan kashi ɗaya cikin uku. A 1983 Atari ya tafka asarar dala miliyan 536. Kaset ɗin da ake sayarwa dala 30 ya koma kwandon gwanjo a dala 5. A Satumban shekarar ne manyan motoci suka kwashi kaya daga ma'ajiyar Atari da ke El Paso a Texas suka juye a bolar garin Alamogordo na jihar New Mexico, aka malala siminti a kai. Mutane sun daɗe suna ɗaukar labarin ƙanzon kurege ne, sai a Afrilun 2014 da aka tona wurin aka ciro kaset kusan 1,300. Jami'in da ya kula da binnewar ya ce adadin waɗanda aka binne ya kai wajen 728,000. Kamfanin da ya binne kayan da ya gama, ya sa a kwali, ina zai damu da wanda ba a gama ba? A Yulin 1984 Warner ya sayar wa Jack Tramiel ɓangaren kayan gida, shi kuwa kwamfuta ce a gabansa. Aka sallami ma'aikata tuli, kowa ya tattara abin da ke kan teburinsa ya kama gabansa.

Wanda labarinsa ya fi ba ni tausayi da dariya a lokaci guda shi ne Howard Scott Warshaw. Shi ya rubuta Yars' Revenge, wanda har yau ake sa shi cikin mafi kyan abin da aka yi wa wannan na'ura. Shi ne kuma aka ba mako biyar da 'yan kwanaki ya rubuta E.T. don a cim ma cinikin Kirsimetin 1982, wasan da aka ɗora wa laifin rugujewar kasuwar gaba ɗaya, alhali bai wuce ɗigo a cikin ambaliya ba. Wasansa na huɗu, Saboteur, shi ne zai wanke shi. Wani mutum-mutumi ne ke ƙoƙarin hana abokan gaba harhaɗa roka, mataki uku, ga sauri ga tsari. An kusa gamawa sai masu talla suka ga ai sunan da jama'a ba su sani ba ba zai sayu ba. Suka nemo lasisin The A-Team, shirin talabijin da ke tashe a lokacin, aka cire mutum-mutumin aka maye gurbinsa da kan Mista T na cikin shirin, kai kawai babu gangar jiki, yana yawo yana harbi. Daga ƙarshe babu wanda ya fita a cikin biyun. Saboteur bai ga kasuwa ba sai a 2004, cikin 'yar na'urar tuna baya ta Atari Flashback. Duk wanda ya ajiye kaset ɗin gwajin nan biyu gefe da gefe zai ga yadda ake yanke shawara a Atari na 1984 fiye da yadda kowace hira da tsohon manaja za ta nuna masa.

Swordquest kuwa alƙawari ne aka ɗauka a bainar jama'a aka kasa cikawa. Wasanni huɗu aka tsara, na ƙasa da na wuta da na ruwa da na iska, kowanne da littafin zanen barkwanci na kamfanin DC, inda aka ɓoye kalmomin da ɗan wasa zai tono. Kowace gasa tana da kyautar zinariya da duwatsu masu daraja ta dala 25,000: laya, kofi, kambi da wani dutse. Zakarun huɗu kuma za su kara a kan takobi na dala 50,000. An yi gasar Earthworld an ba da layar, an yi ta Fireworld an ba da kofin. Waterworld ya fito a ɗan ƙaramin adadi ta hannun kulob ɗin masoya Atari, shi ya sa yau yake tsada kamar me. Airworld, wanda Tod Frye ya fara ginawa a kan tsohon littafin duba na Sinawa, I Ching, bai fito ba sam. Takobin kuwa babu wanda ya ci shi.

Kamfanin Parker Brothers, masu wasan Monopoly, su ma sun cika kundin tallarsu na 1983 da alƙawura. Akwai The Lord of the Rings, inda za a raka Frodo zuwa Rivendell ana ɓuya wa baƙaƙen mahaya. Yara suka yi ta jira shiru, har suka girma suka haifi nasu, sai a 2001 kaset ɗin gwajinsa ya ɓullo daga hannun wani tsohon ma'aikaci, kuma ashe wasan a kammale yake. Ewok Adventure na jerin Star Wars ya riga shi ɓullowa a 1997. The Incredible Hulk kuwa hotonsa kawai aka gani a talla, aka shafe shekaru ana cigiya.

Ba duka ne rugujewar 1983 ta ci ba. Tun a 1978 Carol Shaw, ɗaya daga cikin matan farko da suka yi sana'ar rubuta wasan bidiyo, ta yi wasan Polo, mahaya biyu a kan dawaki suna bin ƙwallo. Don tallar turaren Polo na Ralph Lauren aka yi shi, saboda Warner na da hannu a cinikin turaren. Tallar ba ta yiwu ba, wasan ya kwanta. Ita ce daga baya ta rubuta River Raid a Activision. Akwai kuma wanda ya mutu a gida ya rayu a waje: Donald Duck's Speedboat bai fita a Amurka ba, amma kamfanin Polyvox ya sayar da shi a Birazil.

To, sai dai kada son abin da ya ɓace ya rufe mana ido. Masu sha'awar wannan fanni suna da wata ɗabi'a ta ɗaukar duk abin da aka soke a matsayin zinariyar da azzaluman manajoji suka binne. Ba haka ba ne. Wasu an soke su ne don ba su yi ba, kuma wanda ya soke su ya kyauta. Tempest na manyan injunan shaguna, wanda Dave Theurer ya yi a 1981, da siraran layukan haske masu kaifi yake zana rami mai zurfi. Atari 2600 ba ta san wannan ba, tubala masu kauri take zanawa. Da Carla Meninsky, gwanar da ta yi wa na'urar Warlords, ta gwada sauko da shi, filin wasan sai ya fito kamar gajeren wando, kuma da wannan tsokanar aka san shi har gobe. Laifin na'ura ne, amma da an sayar da shi da an ci kuɗin mutane a banza. Haka Mindlink, wata ɗamarar goshi da aka yi ta kururuta cewa da tunani za a riƙa sarrafa wasa. Motsin naman goshi kawai take ji, masu gwaji suka yi ta ɗaga gira har kansu ya ɗau ciwo. Amfanin irin waɗannan ga mai nazari ne. Suna nuna iyakar na'urar, da kuma irin ruɗewar da kamfani ke yi idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Yadda suka tsira ma abin dubawa ne, don babu wani kamfani da ya ware ɗaki ya ce nan ne ma'ajiyar tarihinmu. Ma'aikaci ne ya jefa kaset a kwali ya kai gareji ya manta. Ɗan jarida ne bai mayar da aro ba. Magada ne suka kwashe kayan mamaci suka kai kasuwar gwanjo ta ƙarshen mako, wani mai ido ya tsinta a kan 'yan daloli. Aquaventure, wasan mai ninƙaya da ke nutsawa neman dukiya a ƙarƙashin teku, ta irin wannan hanya ya fito a shekarun 1990. Kuma da yake a ofis ba a zubar da kwanson kaset, sai a cire cif a sa wani, sunan da ke jiki ba abin dogaro ba ne. An daɗe ana kiran wani wasan kamfanin 20th Century Fox da suna Alligator People saboda haka aka rubuta a kwanson, ana mamakin wasan kadoji da babu kada ko ɗaya. Ashe Planet of the Apes ne, birai ne ke bin mutum. Alligator People na gaskiya daga baya aka same shi. Har yanzu kuma ba a gama tsinta ba. Tarzan da Coleco ya shirya fitarwa a 1984, daga hannun wani tsohon ma'aikacin kamfanin aka saye shi, kuma sai da aka sha fama kafin a karanto shi saboda dabarar da aka bi wajen faɗaɗa ƙwaƙwalwar kaset ɗin ba irin wadda aka saba gani ba ce. A 2024 jama'a suka fara buga shi, shekara 40 cif bayan lokacinsa.

A nan ne gizo ke saƙar. Idan kaset ya faɗo hannun mutum, zaɓi biyu ne gare shi. Ko ya bari a jona cif ɗin da na'urar karatu a kwafe abin da ke ciki zuwa kwamfuta, fayil ɗin da bai wuce 'yan kilobayit ba, kowa ya buga a manhajar kwaikwayo irin su Stella, wadda ake ta inganta ta kyauta tun 1996. Ko kuma ya kulle a sif. Masu kullewa suna da hujja, kuma ba hujjar banza ba ce. Su suka yi yawon kasuwanni, su suka zuba kuɗi, kuma da zarar wasa ya bazu a intanet darajar kaset ɗin takan sauka. Kuɗin ma ba na wasa ba ne a wannan fage. Samfurin na'urar da Nintendo da Sony suka fara haɗawa kafin su ɓata, wanda wani ya samu cikin tarkacen gwanjon dala 75, an sayar da shi dala 360,000 a Maris ɗin 2020. Inda kuɗi ya kai haka kuwa 'yan jabu ba sa nisa, don duk mai tsohon EPROM da tafireta zai iya haɗa “kaset ɗin gwaji” a ɗakinsa. Wasu masu tarawa sun nemi tsaka-tsaki: su buga 'yan kwafi a kwali mai kyau su sayar su mayar da kuɗinsu, sannan su saki fayil ɗin. Haka aka yi da Combat Two da Elevator Action a taron masoya tsofaffin wasanni na Las Vegas a 2001.

Ni dai ina ganin hujjar masu kullewa ta tsaya ne a kan kwanso. Roba da takarda da cif nasu ne, babu mai ja. Abin da ke cikin cif ɗin kuwa ba su suka rubuta ba, kuma yana tsiyayewa ko an kalle shi ko ba a kalla ba. Ranar da bayit ɗaya ya juye, wasan kan iya ƙin tashi, mai shi ya wayi gari da baƙar roba, sauran jama'a kuma sun yi asarar abin da ba shi da na biyu. Ko don kare dukiyarsa ya kamata ya kwafe.

Doka ba ta taimaka ba. A Amurka, aikin da ma'aikaci ya yi wa kamfani kuma ba a wallafa ba yana da kariyar haƙƙin mallaka ta shekara 120 daga ranar da aka yi shi. Wato wasan da aka jefar a 1983 ba zai zama na kowa da kowa ba sai bayan 2103, ko da kamfanin ya mutu, ko da babu wanda ya san a hannun wa haƙƙin ya faɗa, ko da lasisin Tarzan ko na Disney ya ƙare tun tuni. Kusan duk aikin ceton da aka yi, a gefen doka aka yi shi, kamfanoni suna kawar da kai. Cibiyar Video Game History Foundation, wadda Frank Cifaldi ya kafa a 2017, ta fitar da bincike a 2023 da ya nuna kashi 87 cikin 100 na wasannin da aka sayar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. Waɗanda aka sayar ke nan, balle waɗanda ba su fito ba. Duk da haka a Oktoban 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su bar masu bincike su buga tsofaffin wasanni daga nesa. Abin da ya rage shi ne kyautatawar ɗaiɗaikun mutane, irin yadda Carol Shaw ta kai takardunta da rubutattun manhajojinta gidan tarihin wasanni na The Strong da ke Rochester a 2017.

Yanzu kuma kamfanin da ke riƙe da sunan Atari ya gano akwai kuɗi a bolar magabatansa. Ya buga Saboteur da Aquaventure a sababbin kaset, ya biyo da Save Mary, wasan Tod Frye na wajen 1990 inda ake sauke tubala da ƙugiya don wata mata ta taka ta tsere wa ruwan da ke cika kwazazzabo. A ƙarshen 2023 ya fito da na'urar 2600+ mai karɓar tsofaffin kaset. Ban ga aibu a nan ba, tun da dai wasannin sun isa hannun mutane ta hanyar da babu mai tsoron lauya. Inda nake da ja shi ne wajen ƙarasawa. A tarin Atari 50 na 2022, kamfanin Digital Eclipse ya sa Swordquest: Airworld, sabon rubutu da aka gina a kan tunanin Frye. Sun kyauta da suka faɗi hakan a fili. Ginin da mai shi ya bari a linta, wani ya zo bayan shekara 40 ya ɗora rufi ya yi fenti, gida ne mai kyau, amma dole a nuna wa mai ziyara inda tsohon bulo ya tsaya. Masu gyara kurakuran kaset ɗin gwaji, su ƙara masa sauti ko matakin ƙarshe, su saki gyararren su bar na asali a ɓoye, suna ɓata shaidar da ta sa aka damu da abin tun farko. A saki biyun, a rubuta wanne ne wanne.

Mai karatun da ke son ya ɗanɗana da kansa, ya fara da Saboteur, yana cikin Atari 50, sannan ya nemi Save Mary. Su biyun sun cancanci a sayar da su tun a zamaninsu. Tempest na 2600 kuwa, kallon minti biyu ya ishe shi.